Wanda Aka Ɓoye a Simsim

Rakiya ta riga ta ɗora ƙafa kan tayar lorin kafin Mudi direba ya gama cewa a'a.

"Ya hajja, sauko don Allah. Man tarakta da iri zan kai Simsim, ba mata ba. In Alhaji ya ji, aikina ya ƙare."

"Taraktocin ne ke cin burodi da halawa?" Ta nuna kwandon da ya tura ƙarƙashin kujera. "Ma'aikata ba su fara sauka kambo, sansanin gona, ba, kowa ya sani. Wa kake kai wa? Mudi, ubanmu yana asibiti, ba abin da yake faɗa sai sunan yaron nan."

Mudi ya dubi gabas, inda hadari ya taru ta wajen Habasha ya yi baƙi ƙirin. Ya sosa ƙeya, ya tofar da yawu, ya buɗe mata ƙofa.

"In ruwa ya sauka ba na jiran kowa. Kin san ƙasar can. Ɗigo kaɗan, lori ya kwana a nan har kaka."

Yaron da take nufi ƙaninta ne, Mijinyawa, ɗalibi a kwalejin noma, shi ke buga wa ƙungiyar ƙwallon kwalejin gaba. Ƙafar hagunsa ce ta jawo musu wannan masifa. Ƙungiyoyi biyu na cikin Gadarif suka sa masa ido: ta Alhaji Maiturare, babban ɗan kasuwar riɗi, da ta 'yan tasha. Alhaji ya riga su, yaron ya sa masa hannu, saura kawai ranar rajista ta zo ya bayyana a ofishin hukumar ƙwallo.

A da can 'yan wasa sun mai da hukumar abin wasa, ɗaya ya sa hannu nan da safe, ya sa can da yamma. Sai hukumar ta fusata ta tsaurara doka: duk wanda aka ga hannunsa a ƙungiya biyu, an kore shi daga ƙwallo har abada. Aka yi tafi, aka ce an gyara. To mutanen Gadarif ba su rasa dabara ba. Ƙungiyar da ta rasa ɗan wasa sai ta yaudare shi ya fito, ta danne shi ya sa hannu na biyu, kowa ya rasa. Tun daga nan, duk wanda ya kama ɗan wasa mai kyau sai ya ɓoye shi inda ko uwarsa ba ta sani ba, har ranar rajista. Haka aka ɗauke Mijinyawa daga ɗakin kwanan ɗalibai, shi da akwatinsa, ba ko sallama.

Da safen nan Rakiya ta je wurin Alhaji Maiturare a kasuwar amfanin gona. Ta same shi zaune tsakanin buhuna yana shan gahawa. Ya saurare ta har ta gama, hawayenta da komai, sannan ya yi murmushi irin na wanda ya ga ƙwararren ɗan wasan kwaikwayo.

"Wallahi kin iya, 'yata," ya ce. "Ki gaida 'yan tasha."

Abin ya fi zagi ciwo. Ta fito, sai idonta ya faɗa kan direbansa Mudi yana cusa kwandon burodi a lori.

Da suka bar kwalta, duniya ta buɗe ta kuma mutu. Babu itace, babu gari, babu ko akuya. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ta tsattsage don ƙishirwa, wasu tsagogin ƙafar mutum za ta shige har ƙwauri. Nan da can tarakta a tsaye ita kaɗai, garmarta a baya, ba kowa kusa. Rakiya a Gadarif aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin gonakin a wannan lokaci ba, bayan an kwashe komai, kafin a zuba komai. Tsoro ya kama ta ba tare da ta san na mene ne ba.

A nan mahaifinsu, Malam Rufa'i, ya ƙarar da ƙarfinsa. Yana saurayi ya taso a ƙafa daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Gadarif, ya ce bari ya yanki riɗi shekara ɗaya. Sai da gemunsa ya yi fari sannan ya ga Ka'aba. Bai dawo da tsarabar kirki ba sai farin yadi da ya wanke da ruwan Zamzam, ya ce a ciki za a sa shi. Da yake matan gidan kuka suke yi duk sanda suka gan shi, sai ya damƙa wa Mijinyawa ajiyarsa. Yau da asuba innarsu ta birkice gidan kaf, ba ta faɗi abin da take nema ba, ba wanda kuma ya tambaye ta.

Azahar ta gota suka isa kambon. Bukkoki ne kamar goma, jinkarsu ta zube, ƙofofinsu a hangame. Mudi ya kashe inji ya nufi wajen gangunan mai. Shirun da ya biyo baya ya toshe wa Rakiya kunne. Can sai ta ji wani abu.

Dum. Shiru. Dum.

Ta bi sautin ta tsakanin bukkokin. Yana fitowa daga wani dogon ɗakin kwano da ake ajiye iri, ba taga, sai 'yan ramukan iska can sama. A bakin ƙofar wani mutum yana zaune kan gadon igiya. Furfura ta cinye kansa, ya ɗora tsohuwar rigar ƙwallo a kan jallabiyarsa, launinta ya koɗe har ba a gane ko ja ce a da. A saman kansa, jikin ƙusa, takalman ƙwallo ne rataye, fatarsu ta bushe ta lanƙwashe. Bai yi mamakin ganinta ba ko kaɗan.

"Maraba. Na san kuna tafe," ya ce a hankali. "Wa ya mutu wannan karon? Uwa ko uba?"

Rakiya ta tsaya cak. "Baba, kai ne mai gadi?"

"Jatau. Ni ne."

"To buɗe min. Ƙanina ne a ciki."

"Ni ban rufe kowa ba. Duba."

Ta duba. Ba kwaɗo a ƙofar, marikin ma a sake yake. Daga ciki aka sa sakata.

Sautin ya tsaya. Ta ji ƙwallo ta gangara ta bugi wani abu, sannan takun ƙafa ya matso.

"Yaya Rakiya?"

Muryarsa ce, amma ta dushe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Ni ce, Mijinyawa. Buɗe. Baba ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya mutu. Likita ya ce a kira 'ya'yansa. Kai yake kira, kai kaɗai."

Sai ta ji ya yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, ta mamaki ce, kuma ita ta fi tsorata ta.

"Subhanallah. Daidai yadda Alhaji ya faɗa. Ya ce da fari za su turo aboki, sannan ustaz daga kwaleji, in duk bai yi ba su turo 'yar gida. Yaya, har ke? Me suka ce miki? Sun ce don alherina ne, ko?"

"Kai, ka haukace ne? Ni zan yi wa Baba fatan ciwo saboda ƙwallo? Wallahi tallahi, na rantse da Alƙur'ani..."

"Nawa ma ya rantse," Jatau ya ce, yana kallon fili. "Ɗan baffana. A ɗakin nan aka ɓoye ni, zamanin mahaifin Alhaji. Ɗan baffan nawa ya zo ya tsaya daidai inda kike, yana kuka har da majina, wai innata ta rasu, ana jirana a kai ta. Na zare sakata da hannuna. Mota na laɓe bayan tafki. Ƙarti huɗu suka riƙe ni, suka dangwala min yatsa. Hukuma ta soke sunana, ko filin unguwa ba a bari in shiga." Ya dubi takalman da ke rataye. "Na isa gida na tarar da inna tana daka."

"Baba Jatau, wannan naka ne. Nawa daban."

"Kowa haka yake cewa, 'yata."

Ba ƙarya yake yi ba, ta ga haka a idonsa. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Wannan kuwa tsakaninsa da Allah yake tsaron yaron, kamar yadda ya so a ce wani ya tsare shi.

"Ai sun fara tun jiya," Mijinyawa ya ce daga ciki, ya rage murya. "Bayan azahar na ji ana zagaya ɗakin nan. Sai na ji muryar Baba a jikin kwano, nan bayan kaina, yana cewa Mijinyawa, Mijinyawa. Sak muryarsa, har da tarin. Na kusa buɗewa. Jatau ya ce kwaikwayo ne, suna da masu iyawa."

"Ni ban ga kowa ba," Jatau ya ce. "Amma ba a ganinsu dama."

Rakiya ta dafa ƙofar. Jiya bayan azahar tana riƙe da hannun tsohon a gadon asibiti, sa'ad da ya buɗe ido ya kafa shi a bango, ya kira sunan sau biyu, ya yi tari. Ta waiwaya ta dubi filin. Ba sawun mota, ba sawun mutum, ba inda ko kare zai ɓuya.

Iska ta taso mai sanyi, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Kwanon ɗakin ya fara kaɗawa. Mudi ya danna oda, ya sake dannawa.

"Ya hajja! Yalla! Ga shi nan tafe!"

Ta buga ƙofar da tafin hannu har ya yi zafi. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta tuna masa ita ta goya shi, ita ta riƙa ɗinke masa ƙwallon tsumma. Ya ce ya sani, ya ce ta yi haƙuri, jibi ne kawai, da ya fito daga ofis zai wuce gida kai tsaye ya gaida Baba, za su yi dariyar wannan abin tare. Yana lallashinta kamar ita ce yarinyar da aka ruɗa.

Sai ta gaji. Ƙarfin ya fita daga jikinta gaba ɗaya, har kukan ya tsaya. Ta gyara mayafinta, ta goge fuska.

"Halas. Zauna," ta ce. "Allah ya ba ka sa'a a rajistarka. Abu ɗaya kawai, don kada in koma hannu wofi. Ina ka ajiye likkafanin Baba? Inna ta duba ko'ina ba ta gani ba."



Ta jira. Ɗigon farko ya faɗo kan kwanon, tas, sannan wani.  A ciki ta ji an ja akwatin ƙarfe a ƙasa, an buɗe murfinsa. Alhaji bai san da yadin nan ba. 'Yan tasha ba su sani ba. Duk Gadarif ba wanda zai yi tunanin ya yi ƙarya da shi.

Sakatar ta yi ƙara.

Mijinyawa ya fito yana ƙifta ido don haske, ya rame, gashinsa duk ƙurar riɗi, ƙafarsa ba takalmi. Ya rungume wani farin ƙulli a ƙirjinsa da hannu biyu.

"Ya ce kada in rabu da shi," ya ce. "A akwatina yake. Tare suka kawo mu."

Rakiya ta dubi ƙullin. Ɗa ta zo ɗauka ta kai wa uba mai rai, ba likkafani ba.

"Kada ka tafi, ɗana," Jatau ya ce, ya miƙe yana riƙe masa hannun riga. "Sun ƙara wayo ne kawai. Motar na bayan tafki."

Mijinyawa ya zame hannunsa a hankali, ya kama na yayarsa, suka ruga. Mudi ya riga ya tayar da lori yana tafiya sannu sannu. Mijinyawa ya tura ta ciki, ya haye bayanta, ya cusa yadin ƙarƙashin rigarsa don kada ya jiƙe. Ƙasar ta fara yin ɗigo ɗigo a gabansu, tayoyin suna ɗan zamewa. Mudi yana salati yana taka mai. Suka wuce tafkin, busasshe, ba kowa a bayansa. Mijinyawa ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya sunkuyar da kai.

"Yana magana da kika fito?"

"Yana numfashi," ta ce.

Ta leƙa ta taga ta waiwayi kambon. Jatau ya ɗauko takalman Mijinyawa daga ciki ya rataye su a ƙusa kusa da nasa. Ya tsaya yana duban filin hagu da dama, ruwa na sauka a kan furfurarsa. Sannan ya shiga ɗakin irin, ya jawo ƙofar.