Jan katin Malam Tahir

"Ammi, ɓata lokacinka kake," in ji Haisam, mai kirana baffa da Larabci. "Baba khalas, ba ya gane kowa."

Ko kallonsa ban yi ba, na ci gaba da raba karta a kan tiren abinci. Malam Tahir maƙwabcina ne a unguwar Ranuna, abokin wasana na kartar birij tun muna aiki a kantin magani ɗaya. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, shi ne ɗan nan nasa Haisam ya yanka masa tikitin Kano, wai a kai wa dangi. Mutumin da bakinsa ya gaji da cewa a nan maƙabartar Baƙi'a yake so a binne shi.

A birij sai an yi tayi kafin wasa, kowa ya nuna abin da zai iya ci da ɗan kati. Na buɗe tayi. Zakiru, ɗaya daga cikin abokan karawarmu biyu, ya tsoma baki da nasa. Muna da tsohuwar yarjejeniya da Tahir: in aka katse mu ya ajiye jan kati, to yana riƙe da masu zanen zuciya huɗu, kada in bar shi.

Hannun Tahir na hagu ya rarrafa, ya tsallake koren katin wucewa, ya jawo jan.

"Buɗe kartarsa ka ƙirga," na ce wa Haisam.

Huɗu ne cif.

"Dace ne kawai, ya ammi."

Raina ya ɓaci. "Dace a gidan wa? Ga ubanka nan, ka tambaye shi mana."

Ya ƙi. Ni na sunkuya na ce, "Tahir, za ka Kano?" Ya girgiza kai, ya damƙi ƙarfen gado. Haisam yana latsa waya.

"Ɗayyara ranar Alhamis ce," ya ce, yana nufin jirgin sama, ya fita.

Ranar Laraba da hantsi Tahir ya cika. Aka sallace shi a masallacin Harami, aka kai shi Baƙi'a. Kowa sai cewa yake Allah ya cika masa buri. Haka ne, amma ni har yau da haushi nake kwana, don da hankalinsa garau ya ji ɗansa yana lissafa shi cikin kaya.

Da na shiga ɗauko kartata, akwatinsa na bakin ƙofa a ɗaure. Jan katin yana kan tire, gefen kofin shayin da bai sha ba.