Wutar Tarago Na Takwas

Amos, mai gyaran wutar jirgin ƙasa, na durƙushe tsakanin tarago na bakwai da na takwas, yana shinshina waya kamar mai duba ko miya ta lalace. Ƙauri take yi. Mahaɗin wayar taragon biyu ya ƙone.

Wutar jirgin ƙasan duk daga kai take fitowa. Janareta na can gaba, waya mai kaurin damtse tana miƙa wutar daga tarago zuwa tarago kamar zaren carbi. Inda zaren ya tsinke, na baya sun shiga uku. Yau na takwas ne. Tagoginsa ba sa buɗuwa, sa'a guda ke nan ba esi, ga rana ta take, jirgi kuma bai bar Kaduna ba.

Wata mata ta leƙo daga ƙofa, gumi ya jiƙa mata mayafi.

"Baba, don Allah. Mamata ce, asma gare ta. Daga Malali muke, asibiti za mu a Abuja. Numfashinta sama-sama yake."

Amos ya kira Sanda, shugaban aikinsu, a waya.

"Ranka ya daɗe, sai an kashe wuta daga kai. Ba a taɓa wayar nan da rai. Minti goma kawai."

"Ka kashe wa tarago na ɗaya esi? Ka san ko su wa ke ciki? Bar shi sai Abuja."

Saura wata bakwai Amos ya yi ritaya, kuma shekara talatin ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. Tsoro ya ji, ba na wasa ba. Ya leƙa ciki, ya ga tsohuwar ta dafe ƙirji, jama'a na yi mata fifita da tikiti. Sai ya nufi kan jirgi, ya sauke makunnin wutar da hannunsa.

Kafin ya dawo, manyan da ke tarago na ɗaya sun fara fitowa suna tambayar wane ne ke da alhaki. Bai ɗaga kai ba. Ya cire mahaɗin, ya sa sabo, ya koma ya tayar da wuta. Na takwas ya ɗau sanyi. Jirgi ya tashi da tsohuwar a zaune.

Washegari takarda ta same shi: ya katse wa fasinjoji wuta har minti tara. Ya karanta sau biyu yana neman inda aka ambaci sa'a gudan tarago na takwas. Babu. Ya ari biron Sanda ya sa hannu.