Telan da ke Gefen Hoto

Shekara biyu ke nan da Ya Gumsu ta baro Bosso, ranar da aka shiga garin da harbi, ba ta fito da komai ba sai zanen jikinta. Yanzu tana Diffa, gidan jikarta Kellu, kuma ba ta da ƙorafi. Ɗakinta yana da sanyi, ƙafafunta suna kai ta inda take so. Tun da aka sake buɗe cinikin tattasai, Kellu takan karɓo buhu daga ƴan kasuwa su zauna a inuwa suna tsince ruɓaɓɓu. Aikin ya yi wa tsohuwar daidai, duk da atishawar da yake sa ta.

Ran wata Laraba da hantsi wani mutum ya yi sallama, ya jiƙe da zufa, don har lokacin an hana hawan babur a gari. Ya ce sunansa Ishaƙ, daga Damagaram aka turo shi, shi ke koyar da tarihi a koleji, Mushe ake ce masa kamar kowane malamin boko a nan. Ya durƙusa suka gaisa.

"Iya, an ce mini ke ƙanwar Idrisa Mala ce, wanda ya yi gwagwarmaya da Faransa a bakin kogin Komadugu."

"Uwa ɗaya uba ɗaya," in ji ta. "Amma ai ya daɗe da rasuwa, Mushe."

"Na sani. Ɗalibaina sun haddace sunayen manyan Yamai, ba su san ko mutum ɗaya na nan ba. Shi ya kawo ni."

Ya zaro takarda daga jaka, kwafin wani tsohon hoto da abokinsa ya samo masa a Yamai. Mutum bakwai ne tsaye a ƙofar shago, an rubuta a ƙasa cewa Idrisa Mala ne da mutanensa, 1958. Ya ɗora yatsa kan na tsakiya, dogo mai kwat da tabarau.

"Ga shi nan. Kallo ɗaya za a yi masa a san shugaba ne."

Ya Gumsu ta goge hannu da zane, ta kai takardar kusa da ido, ta nisanta ta. Sai dariya ta kama ta har da tari.

"Wannan ai Tanko ne, akawun kanti. Bai taɓa zuwa taro ba ko sau ɗaya. Shi dai in ya ji mai hoto ya zo gari, to kwat ta fito. Ga Idrisa can gefe, gajeren nan mai igiyar awo a wuya."

Mushe Ishaƙ ya daɗe yana kallon gajeren. Wata uku yana nuna wa yara Tanko.

"To wannan mai kwando a bayansa fa, da rabin fuska?"

Ta ƙura wa hoton ido. Rabonta da ganin yayanta ya fi shekara talatin, ƴan hotunan gidansu kuwa duk sun ƙone a Bosso.

"Ni ce," ta ce. "Shekarata goma sha tara."

Kellu ta ajiye faifan tattasai ta matso. Ya Gumsu ta fara ba da labari, in Hausa ta ƙwace mata ta faɗa da Barbarci, Kellu ta mayar.

Idrisa tela ne, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Yana yaro aka tafi da ubansu aikin dole, gyaran hanya, ya dawo da ciwon ƙirji wanda bai tashi ba. Da aka zo shekarar ƙuri'a, a ce i a zauna da Faransa ko a ce a'a, shagonsa ya zama majalisa. Masunta da manoma sukan kawo ɗinkin da ba su buƙata don su ji bayani. Ita kuma bandar kifi take sayarwa ƙauye-ƙauye, sai ya riƙa cusa mata takardun neman a ce a'a a ƙarƙashin kifi.

"Sojan kumandan, Baturen mulki, ya taɓa tare ni," in ji ta. "Ya buɗe kwando, wari ya buge shi, ya zaɓi babbar tarwaɗa ya ce in wuce."

"Amma masu a'a ba su ci ba," in ji Mushe.

"Ba mu ci ba. Aka shiga kame. Ni na ƙetarar da Idrisa kogi da tsakar rana, yana kwance cikin kwalekwale, na rufe shi da tabarma da kwanduna. Gajartar nan da muke masa tsiya da ita, ranar ta yi amfani."

Shekara biyu bayan haka Faransa ta sauka. Idrisa bai dawo ba sai da ƙura ta lafa sosai, ya sake buɗe shago. Ba wanda ya ba shi muƙami, shi ma bai nema ba. Duk ranar bikin ƴancin kai yakan rufe shago, ya sa sabuwar riga, ya je ya zauna a bakin ruwa.

Mushe ya roƙe ta ta zo ta faɗa wa yara da bakinta. Ta ce ita ba ta iya magana a taro ba, amma ran Litinin tun da safe ta sa Kellu ta goge mata mayafi.

Aji ya cika, rabinsu ƴan gudun hijira ne daga Bosso da Yebi da ƙetaren kogi. Ta yi magana ta fi awa. Wata yarinya mai suna Hanan ta ɗaga hannu.

"Kaka, ba ki ji haushi ba da kuka faɗi?"

"Na ji, na yi kuka ma. Amma mun faɗi abin da ke ranmu a gaban kumandan, kuma kafin mu ba a taɓa yi ba a garinmu."

Da aka tashi, Mushe ya ce ta gaya masa sunayen duk na cikin hoton. Ta kawo shida, na bakwai ya ƙi zuwa. Ya ba ta takardar ya ce tata ce, zai sake buga wata.

Bayan kwana uku, suna cikin cin burabusko da rana, ta tsaya da loma a hannu.

"Goni mai gishiri," ta ce. "Kellu, kira Mushe kafin sunan ya sake ɓace mini."

Kellu ta wanke hannu ta ɗauko waya. Ya Gumsu ta jawo kwanon miya gabanta, ta ci gaba da cin abincinta.