Gawar da Ta Ci Burodi

Shekara da shekaru yana bin jijiyoyin da ke kai jini hanjin ofosum, wata dabba mai kama da gafiya, digirin da yake nema kuwa ya ƙi fitowa. A gida har an raɗa masa suna Saura Ƙiris.

Matsalar ɗaya ce. Littafi ya ce manyan jijiyoyi biyu ke ciyar da hanji. Shi kuwa duk wadda ya feɗe, ya ɗura wa jar roba don hanyoyin jini su fito, ɗaya yake gani. Tun yana zargin wuƙarsa har ya koma zargin idonsa.

"Ko kai ka yanke ɗayar, ko littafin ya yi ƙarya," in ji Farfesa, mai duba aikinsa. "Littafin kuwa ni na rubuta. Feɗe wata a gabana kafin kwamitin jarrabawarka ya zauna, in ba haka ba sai baɗi."

Dokar ɗakin gwajin ta hana kisa, sai mushe. Ƙanin matarsa, direban babbar mota, ya tsinto masa ɗaya a bakin titi, ya kawo a kwali.

"Ga mutuniyarka, yaya. Mutane na tara dukiya, kai kana tara gawa."

Harshe a waje, ido a kafe, ga wari. Saura Ƙiris ya shimfiɗa ta a faranti, ya dama roba, ya je ɗauko sirinji. Da ya dawo, faranti wayam.

Ya duba ƙarƙashin tebur. Ya duba kwalin, ya sake dubawa. Har aljihunsa ya laluba, bai san dalili ba. Ya taɓa karanta cewa dabbar kan yi mutuwar ƙarya in ta tsorata, amma wannan ba ya cikin babinsa. Shi cikinta ya sani. Bai taɓa ganin ta a tsaye ba.

Farfesa ya shigo yana sa safar hannu. "Ina gawar?"

"Ranka ya daɗe, ga ta can kan kabad. Burodina take ci."

Farfesa ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa.

"Jijiya nawa gare ta?"

"Ban tambaye ta ba."

"To, sai ka jira ta mutu. Wannan karon ka tabbatar." Ya cire safar ya fita.

Robar ta daskare a kofi. Saura Ƙiris ya zauna, ya gutsuro sauran burodin, ya rasa ko ƙoshi zai kusanto da ajalinta ko yunwa. Ya miƙa mata.