Koren Ankon Hajiya Turai

A bakin shagon hoton Jamilu da ke Gummi suka ƙulla magana. Kwamfuta tasa ce, firinta ta Khairat. Ita za ta riƙa aikin kalanda da sitikar biki da safe, shi ya karɓi teburi bayan azahar, kowa ya mori kayan ɗan'uwansa. Jamilu ya ƙara sharaɗi guda: kada ta taɓa masa komai a cikin kwamfuta. Ta ce ta ji.

Babban aikin da ta fara samu na Hajiya Turai ne, dillaliyar atamfa wadda in ta yaba abu matan garin suka bi, in ta kushe shi ya mutu. Za ta aurar da 'yarta, tana son kalanda mai hoton amarya cikin koren anko. A allo koren ya fito shar. A takarda kuwa sai ga shi kamar miyar kuka.

Hajiya ta ɗaga takardar gwajin kusa da atamfar ankon, ta ce ba wannan ta sayar wa mata ba. In gobe bai gyaru ba, Sakkwato za ta kai aikinta, kuma za ta faɗi dalili a gidan biki.

Khairat ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ta zuba ido. Manhajar firintarta mai daidaita launin allo da na takarda ta tashi lafiya. Can sai allon ya ƙifta, ya yi wani haske. Ashe Jamilu na da tasa da ke tashi daga baya ta danne tata. Aikin ta Jamilun shi ne ta haskaka fuska a hoto, duk wanda ya leƙa ya ga kansa fari sol, ya biya yana murmushi.

Da ya zo ta roƙe shi a hana manhajar tasa tashi da kanta, in ya so ya riƙa kunna abarsa da rana. Ya yi dariya, ya ce ba zai iya tunawa kullum ba, kuma mutanen Gummi ba gaskiya suke zuwa saye wurinsa ba.

"Ƙanwata, mi muka yi da ke? Wagga kwamfuta ni ad da ita."

"Firintar fa, Malam Jamilu?"

Ya ce a dai bar masa kayansa yadda suke.

Washegari da hantsi ta buɗe wurin da ake zaɓar abin da zai tashi tare da kwamfuta, ta kashe tasa, ta sake kunnawa. Allon bai ƙifta ba. Ta gyara koren tana duban ƙyallen atamfar a hannunta, ta buga kalandun har na ƙarshe. Ba ta mayar masa da komai ba, ta zauna jiransa.

Jamilu ya shigo tare da wani ango da ya zo ganin hotonsa. Angon ya leƙa, ya ga kansa baƙi wuluk yadda Allah ya yi shi, ya tambaya ko injin ya lalace ne.

Jamilu ya juyo. "Kin taɓa?"

"Na taɓa. Gobe ma in na zo sai na taɓa."

Ya ce to babu gobe. Ta ce madalla, ta zare wayar firintarta, ta tsayar da mai babur.

Hajiya Turai ta sami korenta, ta kuma yi ta faɗin sunan Khairat a gidan biki. Khairat ta tsira da suna, ta rasa teburi. Jamilu ya mayar da manhajarsa, kowa ya koma fari a allo, sai dai babu abin da zai fitar da shi a takarda.