Wa Ya Zo da Tsohon Nan?

A bakin ƙofar kantin, mai gadi bai gama leƙa jakar Inna ba, mijinta ya kama hannunta da hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya matse.

"Ka... kar ki," ya ce.

"Na ji, Maigida. Ba zan sa baki ba."

Bai sake ta ba. Ya tsare ta da ido, irin kallon da yake yi wa yara a da in sun ce sun yi wanka alhali bayan kunne a bushe.

"Na ce na ji. Ko gobara ce ta tashi, sai dai in yi maka nuni da hannu."

Sai ya yi dariyarsa ta yanzu, wadda rabin baki ke yi, rabi na kallo. Ya sake ta.

Direba ake ce masa a unguwa, don ya tsufa yana jan babbar mota. Abokan aikinsa kuwa Rediyo suke kiransa, suna cewa ya ma fi na kanti, tunda ba ya cin batir kuma ba a san inda ake kashe shi ba. Mutum ne da in ya je sayen allura sai ya ji labarin kakar mai tebur. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a banɗaki. Ƙafa ta dawo, tana ja kaɗan. Hannun dama ya dawo rabi. Harshe ne ya yi nauyi ya ƙi tashi. Maganar tana nan a cikinsa, Inna tana ganinta a idonsa da barkwancinta da komai, amma in ta iso maƙogwaro sai ta kafe kamar mota a laka.

Tun daga nan Inna ta zama bakinsa. In ya ce "ru", ta kawo ruwa. In baƙi sun zo dubiya, ita ke amsa gaisuwa, ita ke amsa tambaya. Gani take taimako take yi, har ranar da ma'aikaciyar asibitin da ke koya masa magana ta ja ta gefe.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ke ce kike cinye masa maganar. Kafin ya tauna kin haɗiye. In kina so bakinsa ya buɗe, sai naki ya rufe."

"To, in ya kasa fa?"

"Ki bar shi ya kasa. Ki ciji leɓe ki jira. Kuma ya riƙa fita, ya yi magana da wanda bai san shi ba. Ya sayi wani abu da bakinsa."

Fitar ce ta zama aiki. Wata da watanni, da an yi sallama sai ya ja ƙafa ya shige ɗaki ya saki labule. Abokansa sun yi zarya har sun gaji. Inna ta lallasa, ta yi fushi, ta koma lallashi. Sai a makon nan, ba wanda ya sa shi, ya tsaya gaban madubi yana maimaita magana guda: kifi, kilo ɗaya, a yanka. Da safe yana yi, da yamma yana yi. Inna tana wanke-wanke tana jin sa ta taga, nata leɓen na motsi tare da nasa. Jiya maganar ta fita sumul. Yau ya sa rigar da aka goge, ya nuna mata ƙofa. Ta san in wannan fitar ta yi kyau, za a yi ta biyu. In ta ɓaci, Allah kaɗai ya san ranar da zai sake yarda.

Kantin babba ne, irin wanda mutum ke ɗaukar kayansa da kansa ya kai wurin biya ba tare da ya ce uffan ba. Wurin kifi da nama ne kawai sai an tambaya, shi ya sa ya zaɓe shi. Ya ja keken zuba kaya ya jingina da shi maimakon sanda. Taya ɗaya ta gaba ta karkace, tana ƙara tana janye shi hagu, shi kuma yana murza shi da gwaninta, har ya waiwayo ya ɗaga mata gira, wai ta ga direba. Suka wuce shinkafa, suka wuce mai da sukari. Da suka hango gilashin kifin a ƙarshen kantin, ya nuna mata inda aka jera sabulu. Nan za ta tsaya.

Ta tsaya. Ta ɗauki sabulu tana juya shi kamar mai neman aibinsa.

Mai awon kifin yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autarsu ba. Ta ɗaura farin ƙyalle a gaba da ya sha jini da ɓawon kifi, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, cingam a baki. Tana auna kaya tana hira da wanda ke wayar, ba ta kallon fuskar kowa, hannu kawai take miƙawa. Mutane 'yan kaɗan ne a layi. Direba ya bi bayansu. Daga inda Inna take tana ganin muƙamuƙinsa na motsi, yana bita.

Layi ya zo kansa. Sai halin da ya tashi da shi ya rigaye shi. Bai taɓa tsayawa gaban ɗan Adam ya nemi abu ba gaisuwa ba, kuma gaisuwar ba ta cikin abin da ya haddace.

"Sa... san... sannu da..."

"Me za a ba ka?" in ji yarinyar, idonta a kan sikeli.

Ta yanke masa zaren. Inna ta ga kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka. Ya koma farko.

"Ki... ki..."

"Ki me? Baba, akwai mutane a bayanka fa." Ta ce wa wayar, "Tsaya, ina zuwa, wani tsoho ne." Sannan ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Nuna da hannu. Wannan? Wannan? Kaza?"

Bai nuna ba. Ya riƙe keken da hannu biyu, mai lafiyar da marar lafiyar, don kada ɗaya ya ci amanarsa ya tashi. Ya rufe ido ya ja numfashi yadda aka koya masa.

"Ki..."

Yarinyar ta yi tsaki, ta leƙa bayansa. "Na gaba."

Wani mai hular kwano a hannu ya matso ta gefensa, ya faɗi abin da yake so, aka auna masa, ya tafi. Wata ma ta yi haka. Direba na tsaye a tsakiya kamar dutse a rafi, ruwa na ratsawa ta kowane gefe. Inna ta ji kalmar a kan harshenta, ƙarama, marar nauyi, taku kaɗan ne tsakaninta da gilashin. Ta ciji leɓe har ta ji gishiri.

Ya sake matsawa, ya sunkuya kusa da gilashin don a ji shi. Ƙoƙarin ya sa gefen bakinsa da ba ya ji ya saki miyau, siririn zare, ya sauka kan gilashin. Shi bai sani ba. A gida Inna ke gogewa da gefen mayafi kafin kowa ya lura.

"A'a, Baba, matsa baya. Abinci ne fa a nan." Yarinyar ta yagi takarda ta goge wurin tana yatsina fuska, ta ce wa mai saran nama da ke gefenta, "Kai, zo ka ji ko kai ka iya yarensa. Ni ban gane ba, ko ya sha wani abu ne da rana tsaka." Mai naman ya yi 'yar dariya bai ɗago ba. Sai ta ɗaga murya, ta yadda har masu zaɓar tumatir suka waiwayo. "Wai wa ya zo da tsohon nan ne?"

Inna ta buɗe baki. A daidai lokacin ya juyo ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan.

Ta rufe bakin. Mutumin da ta haifa wa 'ya'ya, ta yi jinyarsa, ta ɗauke shi a baya ranar da ya faɗi, ana tambayar na wane ne, ita kuma tana tsaye da sabulu a hannu kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Kunya ta rufe ta tun daga ka har tafin ƙafa. Ba ta san wanne ya fi muni ba, ta amsa ko ta yi shiru.

Wata mata mai jiki, da goyo a baya, ta kasa daurewa. "Haba ke kuwa, ba ki da uba ne a gida? Kifi bawan Allah yake so. Ko ba haka ba, Baba? Kifi ko? Zuba masa waɗancan ƙananan, su ne masu sauƙi. Bar shi haka, ba sai an yanka ba, a gida a gyara masa." Ta karɓi ledar ta saka masa a keke, ta dafa kafaɗarsa. "Allah ya ba da lafiya, Baba. Gobe ka aiko yaro, ka ji? Kar ka wahalar da kanka."

Ya dubi ledar. Ya gyaɗa kai, don mutum ba ya ƙin alheri.

Nan haƙurin Inna ya ƙare. Ta ajiye sabulun, ta nufi wani mutum ɗaure da lakataye da ke duba kwalaye, wanda ta ji ma'aikata na kira manaja. Ta faɗa masa abin da ya faru. Ya saurara da rabin kunne, yana murmushin da ba ya kai ido.

"Ayya, Mama. Ai da kin zo tun farko kin yi masa bayani. Irin waɗannan, gara a riƙa barinsu a gida su huta. Kin ga yau ranar cunkoso ce."

"Ba irin waɗannan ba ne. Mijina ne. Kuma yana jin ka."

"To, to. Bari mu gani."

Ya bi ta gaban gilashin, inda Direba ke tsaye, ya kira yarinyar. Ta cire wayar daga kunne, ta riƙe ƙugu.

"Ni me na yi, Oga? Na ce ya nuna, ya ƙi nunawa. In bar layi in zauna da shi?"

"Ba da haƙuri dai a wuce wurin."

Ta kalli rufin kantin. "Yi haƙuri, Mama."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba," in ji Inna. "Ba ma haƙurin muke nema ba. Ki tsaya kawai ki saurare shi har ya gama. Ya iya. Wallahi ya iya, jiya ma ya faɗa."

Tana rufe baki ta ji yadda maganar ta fita, kamar uwa na yabon yaron da ya fara koyon tafiya. Ba ta iya kallon mijin ba.

Manaja ya tafa hannu sau ɗaya. "Shi ke nan, ai mai sauƙi ne. Jama'a, a ɗan dakata. To, Baba, bismilla. Faɗi, muna jin ka."

Layin ya tsaya. Mai nama ya ajiye wuƙa. Mai goyo ta dawo ta tsaya tana gyaɗa masa kai tun bai fara ba. Wasu daga wurin kayan miya suka matso su ga abin da ake yi. Ba a jin komai sai gurnanin firji da taunar cingam. Manaja ya saci kallon agogonsa.

Direba ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Leɓensa bai ko motsa ba. Ya ciro hankici daga aljihu da hannun hagu, ya goge bakinsa a hankali, duka gefen biyu, ya ninke ya mayar. Sannan ya juya keken, tayar na ƙara, mutane suka dare ya wuce.

"Kin gani ko, Mama?" in ji manaja da taushin murya. "Mu ma ba mu ƙi ba."

Garin neman gira Inna ta rasa ido. Ta bi bayan mijinta, ta biya kifin da bai zaɓa ba, mai gadi ya buga wa takardar biyan hatimi yana yi musu Allah ya kiyaye hanya.

A waje rana ta take. Suka tsaya bakin titi, ledar na ɗigar ruwan ƙanƙara a kan takalminta.

"Maigida, na karya alkawari. Ka yafe ni. Na kasa ne."

Bai dube ta ba.

"Yarinyar nan ba ta da tarbiyya, kowa ya gani. Akwai wani kantin ta wajen asibiti, mutanen kirki ne. Ko mu bari sai wani makon, ka huta tukuna."

Tasi ta tsaya. Ta buɗe masa, ya shigar da ƙafar mai ja da hannunsa, ya zauna. Ta zagaya ta shiga. Mai tasin, dattijo ne mai fara'a, ya gyara madubi ya dubi Direba, tunda shi ne namiji kuma babba.

"Barka da rana, Baba. Ina muka nufa?"

Sunan unguwarsu gajere ne, bai kai kifi wuya ba. Inna ta haɗa hannuwanta a cinya, ta kafa ido a bayan kujera, ta jira. Injin na kaɗawa. Wata mota a baya ta yi oda.

"Baba?"

Sai ta ji hannunsa na hagu a kan nata. Ya ɗan tura shi gaba, wajen mai tasin, ya janye. Ya juya fuska ga taga.

Ta ƙara jira kaɗan, ko Allah zai sa. Na baya ya sake danna oda, wannan karon bai ɗaga hannu ba.

Inna ta faɗi sunan unguwar, mota ta tashi.