Abin da Aka Gaya wa Likita

Lauyan ya juya katin asibitin gaba da baya, ya ajiye.

"Mama, ba kowane kuskure ne sakaci ba. Sai mun nuna cewa duk likitan kirki da ya ji abin da wannan ya ji, zai auna zuciyar mijinki kafin ya sallame shi. Me marigayin ya gaya masa?"

Sati uku ke nan matar telan tana tsine wa likitan ɗakin gaggawa, wanda ya ba mijinta maganin gyambon ciki ya ce su tafi gida, kafin yamma mutum ya kife a kan keken ɗinkinsa.

Amma telan bai gaya wa likitan komai ba. Shekara talatin ita ce bakinsa, ko gaisuwar maƙwabta ita ke amsa masa. Ranar yana dafe da ƙirji, gumi na keto masa, ya fara cewa, "Hannuna na hagu..." sai ta tari numfashinsa.

"Likita, rabu da shi, raki ne. Olsarsa ce ta tashi."

"Mama?" lauyan ya sake kiranta.

Ta cusa katin a jaka, ta miƙe.

"Ba a bar shi ya yi magana ba."